Mai Riƙe da Kaskon Wanka

Ana gab da kiran magariba a Zongo, Munirat tana kwashe tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai za ta zagi 'ya'yan maƙwabta, ba ta ga kowa bisa katanga ba. Wani dutsen ya bugi ƙofar sito, can ƙarƙashin bene.

Benen na katako ne, tun na kakanni. A sama Inna Dijatu take, uwar maigidanta Mudathir, wadda ciwon gwiwa ya hana ta saukowa wanka. Shi ya sa ɗan nata ya sa aka zuba mata kaskon siminti a kusurwar ɗaki, aka ja famfo. Niyya kam kyakkyawa. Amma Mudathir direban tirela ne, a ganinsa duk abin da bai karye ba zai ɗauki ƙarin lodi. Magini ya ce a tokare daga ƙasa, Mudathir ya ce sai ya dawo daga tafiya. Ya dawo, ya sake komawa.

Tun daga ranar jifan, magariba ta zama abin fargaba. Daga sito ake jin nishi irin na ɗan dako da kaya suka fi ƙarfinsa. Sannan 'yarsu Labiba ta soma tafiya a duƙe, wuya a sage, ba ci ba barci. Hankalin Munirat ya tashi ƙwarai.

Wata magariba, Mudathir yana gida, aka ɗauko Malam Sirajuddeen daga unguwar Vêdoko. Ya zaunar da yarinyar a bakin sito, ya soma karatu. Can ta ɗago ido, muryar wani tsohon aljani ta fito daga bakinta.

"Na yi jifa ba ku ji ba, na yi nishi ba ku ji ba. Dole na ari bakinta."

"Fita, ko in ƙona ka," in ji Malam.

"In fita? To. Amma tambayi mai tirela, wa ke riƙe da dush ɗin nan, kaskon wankan? Gara ta cinye katakon tun bara. A wuyana yake."

A lokacin suka ji ruwa yana zuba a sama. Inna tana wanka.

Malam ya haɗiye sauran karatunsa. Mudathir ya zabura zai hau da gudu, muryar ta daka masa tsawa: "A hankali! Kada ka ƙara min nauyi."

Ya cire takalmi, ya hau kamar ɓarawo. Munirat ta bi shi a hankali, ta naɗe tsohuwa da zane, ya goyo ta, tana ta faɗa ba a bar ta ta ɗauraye sabulu ba.

"Ka riƙe har a kafa ƙarfe," in ji Malam, murya ta yi laushi, "sannan ka saki yarinya."

"Zan riƙe don tsohuwar. Ba ta taɓa zubo min ruwan zafi ba bismilla ba. Amma gobe war haka na tafi."

Washegari magini ya wuni yana kafa ginshiƙan ƙarfe a sito. Da ladan ya ɗaga murya da kiran magariba, Labiba ta yi atishawa, ta miƙe sosai, ta ce yunwa take ji. Benen ya yi wani nishi, ya zauna bisa ƙarfen, garin katako ya zubo. Magini ya danna katakon da yatsa, yatsan ya shige duka.

Mudathir ya zauna a ƙasa. Har aka idar da salla bai iya tashi ba.