Garken Harun

A wani shagon fotokofi a unguwar Abbasiya a Masar suka haɗu, a shekarar 2013. Harun ya je karɓar takardunsa na fiƙihu, sai ya tarar an haɗa masa da hoton wasu baƙaƙen kifaye masu kai kamar tulu.

"Ma'alish, yi haƙuri, hoton nawa ne," in ji wata budurwa a bayansa.

Husaina ke nan, 'yar Alhaji Atiku na ofishin jakadanci, ɗalibar ilimin halittun teku. Kafin mai shago ya raba takardun har ta gama yi masa bayani. Orka, ƙaton kifin nan baƙi da fari, shi ne dodon tekun arewa, can wajen Norway. Amma masu kan tulun nan da ake kira failot, in suka ji kukansa sai su haɗa garke su nufe shi, shi kuma ya kama gabansa.

Harun da ko iyo bai iya ba ya yi ta gyaɗa kai. Kafin shekara ta zagayo ya zama "Failot ɗina", ita kuma "Nurul ƙalbi", wato hasken zuciya.

Sai ya tafka kuskure. Ganin duk manyansa suna Gusau, ya zura babbar riga ya tafi gidan Alhaji Atiku a unguwar Mohandessin neman aurenta shi kaɗai.

"Yaro, a garinku haka ake yi?" in ji Alhaji Atiku. "Mutum ya zo nema wa kansa aure? Wanda ba shi da manya, ba ni da 'yar ba shi."

Kunya ta kama Harun, kwana huɗu bai ɗaga waya ba. Yana sonta, kuma tsoro ya cika shi, don ya san Alhaji na da Lawali, ɗan amininsa, a zuciya. Sai saƙonta ya shigo:

"Failot ɗina, ɓuya ka yi? Na gaya maka ba sa gudu, kuma ba sa zuwa su kaɗai. Baffan Lawali zai sauka ran Asabar don nema masa aurena. Ni kai nake so, khalas, magana ta ƙare."

Ya miƙe sai unguwar Hay el-Sabi', gidan Malam Ya'ƙub, dattijon ɗalibai mai shekara goma sha huɗu a Masar. Suka kira Gusau, mahaifin Harun ya wakilta Malam ta waya.

Ran Juma'a bayan masallaci, mutum goma sha tara suka cika falon Alhaji, wasu a ƙasa don kujeru sun ƙare.

"Alhaji, mun zo nema wa ɗanmu aure," in ji Malam Ya'ƙub.

"Duk waɗannan nasa ne?"

"Wasu ma mota ce ba ta ɗauke su ba."

Sai dariya ta ƙwace wa Alhaji. Ya karɓi wayar ya gaisa da mahaifin Harun, ya ce a kawo shayi.

Suna saukowa saƙon Husaina ya shigo: "Orka ya ja da baya?"

Harun ya rubuta: "Nurul ƙalbi, surukina ne yanzu, ki iya bakinki."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Alhaji da kansa ya riƙe hannun Harun ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Yanzu ko kai kaɗai ka zo, gidanku ne."