Ƙyallen da Ba a Taɓawa

"Tankari, kar ka..."

Ban rufe baki ba, ya riga ya murza gefen ƙyallen tsakanin yatsunsa, yadda ya saba yi wa wandunan jins a shagunan garin Xintang kafin ya taya.

Ni na jawo mana, wallahi ni ce. Bizarsa ta ƙare tun watan Yuni, ga gasar Olamfik ta sa an tsananta binciken baƙi a Guangzhou. Wata biyu yana ɓoye a ɗaki. Babana, wanda nake yi wa tafinta a kasuwa, da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda zai ba Tankari, ɗan Maraɗi, 'yarsa, da sharaɗin ya gyara takardunsa bayan gasar. Saura sati uku fa! Amma kewa ta ishe ni, na nace sai ya raka ni gidan tarihin da ake baje kayan fasahar Koriya. Na ce wane ɗan sanda ne zai je neman baƙar fata a can?

Mun wuce tsofaffin tuluna koraye. Mun wuce ɗakin kayan zamani inda aka jera talabijin kusan talatin, duk suna nuna ruwan sama, ya ce wannan kam ɓarnar wuta ce. Sai ga ƙyallen a shimfiɗe. Guntayen alharini ne aka harhaɗa da ɗinkin hannu, ya haura shekara ɗari. Na karanta masa cewa da irinsa iyaye mata ke naɗe kayan auren 'ya'yansu.

"Najiba tawa, da irinsa za a naɗe lefenki. Bari in ji ingancinsa."

Ƙararrawa ta ɗauka. Mai gadi ya zo, ya kira ɗan sanda, wancan ya ce a ba shi fasfo. Na roƙe su da duk Sinancin da na iya, har na durƙusa. Tankari kuwa yatsunsa kawai yake kallo.

Aka yanke a mayar da shi gida, ba zai sake shigowa ba sai bayan shekara biyar. Baba ya ce maganar aure ta mutu, kada in ƙara tayar masa da ita.

Sau ɗaya aka bar ni na gan shi a inda ake tsare da shi. Ya rame. Na ce ya yafe mini, ina kuka kamar raina zai fita.

"Ya isa haka, masoyiyata... Hannuna ne, ba naki ba. In kin samu wani na kirki, kada ki jira ni."

Na ce zan jira. Ya girgiza kai, ya miƙe tun lokacin ziyarar bai cika ba.