Kifin Da Ta Ƙi Buɗe Baki

A wani gari an yi wata yarinya mai kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi. Wata rana wata macen kifi ta daina cin abinci, kumatunta suka kumbura.

Yayanta ya ce, "Ciwo ne. Jefar da ita kada ta kashe sauran."

Ta ce, "Yaya, mai ciwo ba ta iyo haka. Mu jira."

Ta zuba abinci, kifin ta kau da kai. Washegari ta zuba, ta kau da kai. Yayan ya ɗauko rariya, yarinyar ta tare akwatin.

Sai da kifin ta rame, sannan ta buɗe baki. Sai ga 'ya'ya ƙanana suna ta fitowa! Yayan ya matso, suka ruga suka koma bakin uwarsu.

Yarinyar ta ce, "Ja da baya, Yaya. Bar ta ta karya kumallo."