Gaisuwar Ƙasan Shafi

Ku matso kusa, ku rage fitilar nan. Kai kuma mai dariya, za mu ga ƙarshen dariyarka.

Kun san ɗakin famfo na bayan gari, wanda tsamiya ta yi wa rumfa? A cikinsa akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka ba. Ita ke buɗe shafin da ake kunna injin ruwa da shi ta waya. Shafi'u ne ya haɗa ta, shi da matarsa Hansatu, don tare suka yi karatun. Sunanta ɗaya da mahaifiyarsa, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba. Takwarar Inna yake ce mata.

Shafin ba ya zana komai da kansa. Maɓalli ne, ma'aunin tanki ne, sai ya kira alamarsa daga wani fayil da suke ce wa laburaren alamomi. A ciki Shafi'u ya saka wata alama tasa, mai rubuta layi ɗaya can ƙasan shafi: "Sannu da aiki, Takwarar Inna."

Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina. Ta fita takaba, ta koma aiki. Kullum sai ta buɗe shafin, ko babu abin dubawa, don ta ga layin nan. Shi kaɗai ya rage mata.

Ran nan da la'asar, a ɗakin famfon, ta ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa. Shafin ya fito fari fat, sai jan rubutu: ba a sami laburaren alamomi ba. Ta duba adireshin laburaren a saman shafin, daidai yake. Ta kashe, ta kunna. Ta buɗe ƙunshin manhajar, inda ake tara duk fayilolinta, babu fayil ɗin. Sai a lokacin ta tuna. Da hannu Shafi'u ya cusa shi cikin 'yar kwamfutar, yana cewa gobe zai shigar da shi ƙunshi. Goben ba ta zo ba. Ita da kanta ta share shi da ta ɗora sabuwar manhajar, kuma ba ta da kwafi.

Ta zube a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Ko kiran magariba ba ta ji ba.

Tsuntsayen tsamiya suka yi tsit. Sai ƙamshin turaren mijinta.

"Matsa in gani."

Muryarsa ce, har da 'yar dishewar nan. Mutum ya tsaya a gefenta, farar riga, fuska a juye. Yatsunsa na tafiya a kan maɓallai, amma babu ƙara. Ta saci kallon ƙasa. Riga ta ƙare, ƙafa babu. Wallahi ta gani, amma ta kau da kai, baiwar Allah, don tana so ya zama shi.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne. Ga shafin ya dawo. Taso ki raka ni gindin bishiya, Hansatu."

Ta ja da baya. Mutumin da ko cikin faɗa bai taɓa furta sunan nan ba!

"Mijina ba ya kama sunan uwarsa," ta ce.

Ta ja a'uziyya, ta fita a guje ba takalmi. Yana ta kira a bayanta da muryar nan. Ba ta waiga ba.

Da hantsi ta dawo tare da yayanta. Ruwa na zuba a tanki. Shafin ya buɗe tsaf, komai a wurinsa. Can ƙasa an rubuta: "Sannu da aiki, Hansatu."

Ta daɗe tana kallo.

"Suna kawai za ki canza," in ji yayan. "Mayar da shi yadda yake."

"Ko na mayar, Yaya, ba hannunsa ba ne."

Ta goge fayil ɗin gaba ɗaya, wannan karon da saninta. Ta rubuta sabo, ta shigar da shi ƙunshi kamar yadda ya ce zai yi. Ƙasan shafin kuwa ta bar shi fili. Har yau in ta buɗe, sai ta ja yatsa zuwa ƙasa kafin ta tuna.

Don haka kada almuru ya same ku a hanyar tsamiyar nan ku kaɗai. In kuma muryar da kuke kewa ta kira ku, ku saurara ku ji da wane suna ta kira ku.