Wuƙar Yanka Hadari

Ranar da Maitena ta fara ganin Lisandro, da akwai dutse a kusa da ta jefe shi. Bas ɗin safe ce ta sauke shi a tashar ƙarshe ta La Pichana, daga shi sai gwangwanin fenti, bai zame ko'ina ba sai jikin ƙyauren gonar inabin babanta. Ya tsuguna yana shafa wa icen fenti ruwan ɗorawa hankalinsa kwance, kai ka ce gado ya ci.

"Kai bawan Allah, ƙyauren gidanku ne?"

Ya ɗago ya dube ta, ita da kwandon burodin da take sayarwa a tasha. Ya ce hukumar gari ce ta ɗauke shi ya yi wa turba alama, ya riƙa raka mutanen birni da bas za ta kawo ranar Lahadi. Turbar tsohuwa ce, daga tasha ta ratsa gonar ta wannan ƙyaure ta hau tudun da ake hango duwatsu masu farin kai. Tafiya ce mai sauƙi, ko mai ciwon gwiwa zai yi ta ya dawo bai rasa bas ɗin yamma ba.

Ta ce wato aikin yi ne suka rasa a birni, sai sun biya mota sun zo sun gaji. Ya yi dariya ya ce ta sayar masa da burodi. Ta ce ya ƙare, alhali kwandon cike yake.

"To, 'Yar Ƙaya, sai wani satin."

Sunan ya bi ta. Duk Lahadi sai sun yi. Ta ce mutanensa ɓarayin inabi ne masu sandunan ƙarya, ya ce burodinta zai iya fasa gilashin bas. Amma shi ne mai sayen na ƙarshe, ita kuma ta fara ɓoye masa mai zafi a ƙasan kwando, tana cewa ƙonanne ne ba mai so. Wata ranar da ta ga ya riƙe hannun wata 'yar birni mai jan leɓe zai tsallakar da ita magudanar ruwa, ranar ƙonannen gaske ya ci. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"'Yar Ƙaya, na ci gawayi saboda ke kuma ban yi ƙorafi ba. Hannu ɗaya nake so in riƙe a turbar nan, shi kuwa kullum yana riƙe da kwando."

Ta rubuta masa: "Ka ji da fentinka, Sarkin Yawo." Ta karanta nasa ya fi a ƙirga.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Direban bas, wanda bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, shi ya fesa wa babanta, Don Baldomero, cewa yaron da ke zaman shan shayin mate da 'yarsa jikan Doña Zoila ne, wanda aka raina a birni.

Gonar Doña Zoila tana manne da tasu, amma tun Maitena na rarrafe ba gaisuwa tsakaninsu. A wata shekara, ana gab da tsinkar inabi, baƙin hadari ya taso daga duwatsu. Tsohuwar ta fito tsakar gonarta ta yi gicciye da toka da gishiri, ta ɗaga wuƙa ta yanka hadarin kamar yadda tsofaffin wurin ke yi. Hadari ya rabu biyu. Ƙanƙara ta tsallake gonarta ta zube a ta Don Baldomero, bai tsinci ko nonon inabi ɗaya ba. Ita ta ce addu'a ta yi, inda abin ya sauka ba ita ta aike shi ba. Shi ya ce mayya ce, kuma har a coci ba ya zama layin da take.

Da jin labarin direba, Don Baldomero ya jiƙa igiyar fata ya ɗaure ƙyauren tam, ya bar ta ta bushe a rana har ta zama kamar ƙarfe, ya ƙara wayar ƙaya a sama. Ya ce wa Maitena kakar ta cinye masa gona, jikan ya zo cinye masa 'ya, kuma in ta yi tunani za ta gane ba ita yaron yake so ba, ƙyaure yake so.

Maganar ta shige ta, ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta rubuta masa: "Ka san ko ni 'yar waye tun ranar farko, ka yi shiru. Hanya kake nema, ka ga shashasha mai kwando."

Ya amsa: "Na sani, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa. Na ga yadda kike harara tun ba ki san sunan kakata ba. Ki zage ni son ranki, Maitena, amma kar ki ce ba na son ki."

Ta kife wayar. Lahadi ta zo, ta sayar masa da burodi kamar kowa, ta kira shi jikan mayya a gaban mutane. Ta koma gida ta yi kuka a bayan randunan giya.

Tunda aka ɗaure ƙyaure, sai ta cikin busasshen kwari Lisandro ke zagayawa da mutanensa, hanya mai tsakuwa da gangare. Tsofaffi suka fara ƙin zuwa. Direba ya ce in aka ci gaba haka za a soke bas ɗin Lahadi, Lisandro kuma ya koma birni. Don Baldomero ya ce Allah ya raka taki gona.

Wata Lahadi ta watan Fabrairu, inabi ya nuna har ƙudan zuma sun cika gona, da rana tsaka iska ta tsaya cak. Hadari ya taso daga duwatsu, baƙi mai kore-kore a ƙasa, irin wanda kowa a La Pichana ya san abin da yake ɗauke da shi. Wayar Maitena ta yi ƙara.

"Ruwan dutse ya cika kwari, ba hanya. Muna saukowa ta ƙyaurenku. Akwai tsofaffi, akwai mai jariri."

Ta yar da kwando ta ruga. Ta tarar da babanta ya riga ta, ya jingina da ƙyauren yana kallon sama, a ɗaya ɓangaren kuma ga Lisandro da mutanensa sun taru, wasu sun ɗora jaka a ka. Ta roƙe shi, ta ce bari ta ɗauko wuƙa a kicin. Ya ce duk wanda ya taɓa igiyar nan ba shi ba shi, su je kakar jagoransu ta yanka musu hadari, ai ta iya. Lisandro ya ce ya bar shi shi kaɗai a waje, ya shigar da sauran. Don Baldomero ko kallonsa bai yi ba.

Sai ga Doña Zoila ta ratso ta cikin layukan inabi, ƙasar da ba ta taka ba tun waccan shekarar, tana ɗingishi, tsohuwar wuƙar a hannunta.

"Kin zo ki ƙarasa ni, mayya?"

Ta wurga masa wuƙar a gaban ƙafafunsa.

"Ungo, Baldomero, mai taurin kan jaki. Ka ga yadda na yi, ka daɗe kana ba da labari. Yanka shi da kanka, ka tura min shi, ga gonata can ta nuna. Ka ci bashinka ka buɗe wa yarona."

Ya sunkuya ya ɗauka. Ƙanƙarar farko ta faɗo a kan icen ƙyauren ta fashe, jaririn ya tsala kuka. Maitena ta ga babanta ya ɗaga wuƙar, ya dubi hadarin, ya dubi gonar tsohuwar. Ya daɗe a haka, har ta rufe ido.

Abin da ta ji shi ne ƙarar wuƙa a kan busasshiyar fata, da muryarsa yana zagin igiyar da wanda ya ɗaura ta.

Suka kwasa a guje zuwa rumfar ajiyar randuna. Ƙanƙara ta sauko kamar ana juye tsakuwa, ba ta bar tasa ba, ba ta bar tata ba. Tsofaffin biyu suka tsaya a bakin rumfa suna kallon wahalar shekara tana zubewa ƙasa. Don Baldomero ya ce yanzu hankalinta ya kwanta. Ta ce nata ya kwanta, nasa ne dai ba a taɓa gani ba. Ya ja tsaki, ya tura mata kujera da ƙafa.

Lisandro ya shigo a ƙarshe, goshinsa ya fashe. Maitena ta danna masa tsumma da ƙarfin da bai kamata ba.

"A hankali, 'Yar Ƙaya."

"Ka yi min shiru. In ka ƙara ɓoye min wani abu, ni zan fasa ɗaya gefen."

"Wato akwai nan gaba ke nan?"

Ba ta ɗauke hannunta daga goshinsa ba.

An ɗaura auren bayan an tsince ɗan abin da ya rage. Bas ta kawo 'yan biki har da mai jan leɓe, aka taka turbar zuwa 'yar cocin da ke kan tudu, ƙyaure a buɗe. Fada, limamin cocin, ya sa albarka, Doña Zoila ta yi wa amarya gicciye a goshi ta ce Allah ya raba su da ƙanƙara da taurin kan dangi. Don Baldomero ya ce amin, ya san da wa take.

Da aka sauke naman gashi, aka nemi wuƙa. Don Baldomero ya zaro tsohuwar wuƙar daga ƙugunsa. Tsohuwa ta ce tata ce, ya ba ta abarta. Ya ce har abada, ba zai ƙara barin ta da ita a lokacin hadari ba. Ya yanko tsoka mafi taushi, ya ajiye a farantinta, ya ce ta ci a hankali tunda ba haƙora.