Kwaɓin La'asar

Ana cire katakon da ya tallafe rufin kankaren wani sabon shago, rabin rufin ya rufto, ya danne lebura ɗaya har lahira. Kafin Sufeton 'yan sanda ya iso, ɗan kwangila ya sa an kama mai simintin, wani dattijo da ke haɗa nasa da tokar ƙaiƙayin shinkafa. Baƙon abu dama shi ake fara zargi.

Sufeto ba ya son shari'ar da ta zo masa a dafe. Ya buga guduma a rabin da ke tsaye, ta yi tsalle ta dawo. Ya murza ɓaraguzan rabin da ya faɗi, suka zube kamar busasshen burodi.

A bayan kanta, dattijon ya ce buhunan duk iri ɗaya ne. Simintinsa ba ya son ruwa da yawa. Kwaɓin kan yi tauri ya wahalar da mai shebur, amma in aka tsinka shi, ruwan zai bushe ya bar ramuka a ciki. Ya ce baki da baki ya gargaɗi babban magini.

Babban magini, yayan mamacin, ya rantse bai ƙara ko ɗigo ba.

Ɗan garuwan da ke kawo musu ruwa ne ya tona. Ya ce ranar zubi da safe hamma kawai ya yi ta yi, amma da la'asar sai da kafaɗarsa ta sage don jigilar ruwa. Ɓangaren la'asar ɗin ne ya faɗi.

Sufeto ya koma wurin maginin.

"Malam, ruwan la'asar ɗin nan, wanka kuka yi da shi?"

Maginin ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne ke juya kwaɓin. Tafin hannunsa ya fashe, jini har a ƙotar shebur. Ya ce, 'Yaya, abin nan ba ya juyuwa.' Na sassauta masa da ruwa, yadda na saba da tsohon siminti."

"Wa ya tura shi cire katako?"

"Ni. Aikin ya fi sauƙi."

Wani kofur ya sa masa ankwa, suka wuce.

Da aka saki dattijon, ya tambaya ko za a sanar cewa simintinsa ba shi da laifi. Sufeto ya ce zai rubuta a rahoto.

Dattijon ya kakkaɓe hularsa.

"Ɗana, wa ke karanta rahoto kafin ya sayi buhu?"