Wadda Ta Riƙe wa Bot Tef

Ranar wata Laraba, ana gab da kiran magariba, Bot ya fito daga gida da tef ɗin awo a aljihu da guduma a hannu. Ya ce wa matarsa Keziah mantuwa ya yi a wurin aiki. Ba wata mantuwa da ya yi.

A bazarar shekarar ne aka tashi gyaran babban titin shaguna na Gwarzo. Ciniki ya ja baya, masu motoci sun daina tsayawa saboda ramuka da cunkoso, sai su zarce Kabo ko Kano su yi sayayyarsu. Aka ce za a faɗaɗa titin, a ja lambatu hagu da dama, a kafa fitilun sola. Kowa ya yi murna, har ranar da aka fara awo. Daga nan aka gane kowa yana son titi mai faɗi, amma ta ƙofar maƙwabcinsa.

Bot magini ne, mutumin Filato, shekararsa goma sha biyu a garin. Shi ɗan kwangila ya ɗora a kan awo. Shi da abokin aikinsa Tasi'u, mutumin Kabo, su ke jan tef, su kafa fegin katako, su ɗaura igiya. Duk abin da igiyar ta ratsa, sai a shafa masa jan fenti ya jira katafila.

Igiyar ta ci ƙafa uku daga shagon Keziah. Shagon dama ɗan tsurut ne, firiza ce ta cinye rabinsa, kuma firizar nan ita ce gidan: zoɓo, kunun aya, ƙanƙara, su ke ciyar da su duk watan da babu aikin gini. In aka yanke ƙafa uku, firiza ba ta da wurin zama. Bot da hannunsa ya shafa wa bangon fenti. Keziah ta dubi bangon, ta dubi hannunsa. Kallon nan ya hana shi cin tuwo kwana biyu.

Daidai shagon, a tsallaken titi, akwai wani fili da ba a san mai shi ba. Ba gini, ba rumfa, ko akuya ba ta ratsa shi. Ga shi tsaf kullum, da sawun tsintsiya a kan ƙasa, alhali ba wanda ya taɓa ganin mai sharar. Ranar da suka yi awo a wurin, igiya ta tsaya daidai bakinsa. Baba Muntari mai goro, wanda teburinsa ke gefe, ya yi hamdala, ya ce gara da ta tsaya nan, domin filin yana da masu shi, mutanen ɓoye ne, kuma maƙwabtan kirki ne muddin ba a shiga musu gida ba. Bot ya ce, "To, Baba," cikin ladabi. A ransa kuwa dariya ya yi.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Injiniya sau biyu yake zuwa daga Kano a mako, kuma faɗin titi kawai yake dubawa. In aka matsar da fegi biyu na ɓangaren Keziah, aka matsar da biyu na tsallake ƙafa uku cikin filin, faɗi yana nan yadda yake, shago ya tsira. Fili kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Wayo dai ya yi wayo, ban ƙi ba.

Ya iso ana kiran salla. Masu shaguna suna jan ƙofa, ana ta ɗaukar buta. Tasi'u tuni ya hau mashin ya tafi Kabo. Cikin minti biyar titin ya zama nasa shi kaɗai.

Fegin ɓangaren Keziah bai ba shi wahala ba. Ya soka ƙusa a ƙasa, ya maƙala zoben tef a jikinta, ya ja, ya buga. Sannan ya tsallaka.

Abin da ya fara ji ƙamshi ne. Ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa za a share, ga shi rabon garin da ruwan sama wata shida. A ƙarƙashinsa akwai turaren wuta, kaɗan, irin na ɗakin tsofaffi.

Ya durƙusa ya soka ƙusa. Ya ja tef. Ƙusar ta faɗi.

Ya sake sokawa da ƙarfi. Ta sake faɗuwa.

A bayansa, can cikin filin, wani yana shara. Shaf. Shaf. Shaf. A hankali, irin na wanda ya saba da aikinsa. Bot bai juya ba. Mai gaskiya ne ke juyawa ya ga wanda ya gan shi.

Sharar ta tsaya.

"Kawo in riƙe maka, ɗana."

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, kusa da kunnensa. Ta gefen ido ya ga kamar farin mayafi ya tsuguna. Ya ce a ransa wata ce daga cikin masu ƙosai. Ya miƙa zoben ba tare da ya ɗaga kai ba, aka karɓa.

"Nawa kake so?"

"Ƙafa uku, Inna," ya ce.

"Ƙafa uku. To."

Ya ja da baya cikin filin. Tef ya miƙe sambal, ko Tasi'u bai taɓa riƙe masa haka ba. Ya buga fegi na farko. Suka matsa, ya buga na biyu. Ƙasar tana karɓar katakon da laushi, ba ƙara.

"Mu ma ɗakin ya yi mana kaɗan," in ji muryar. "Amma ba komai. Za mu matsa."

Ya kama naɗe tef ɗinsa. Tef ya ƙi zuwa. Ya ce, "Inna, saki." Sai a lokacin ya ɗaga kai.

Babu kowa. Zoben yana tsaye a iska, daidai gwiwar mutum, tef ɗin a miƙe tsakaninsu.

Ya saki nasa ɓangaren. Ya bar guduma a nan. Bai yi gudu ba, don masallata sun fara fitowa, amma tafiyar da ya yi zuwa gida ba a kiranta tafiya.

Ya tarar da Keziah a falo tana tura ƙofar uwar ɗaki da kafaɗa. Ta ce 'yarsu Beauty ta yi barci da wuri bayan wanka, ita kuma ta fita sauke miya, ta dawo ƙofa ta ƙi buɗuwa, kamar an tokare ta daga ciki. Ƙofar ta ƙarfe ce, shi ya sa ta saboda ɓarayi, kuma ciki take buɗewa. Ya tura. Ƙafar gado ce ta tokare ta. Gadon da ke jingine da bangon gabas, nesa da ƙofa.

Ya zagaya ta taga ya haska fitilar waya tsakanin ƙarafunan da ya kafa da hannunsa.

Ɗakin nan ya san shi fiye da fuskarsa. Shi ya shimfiɗa tayil ɗinsa, kowanne ƙafa ɗaya cif. Gadon ƙarfe a gabas, sif ɗin kaya a yamma, tsakaninsu tayil uku. A nan ake shimfiɗa wa Beauty katifarta.

Ya ƙirga. Biyu.

Ya sake ƙirgawa. Biyu. Gefen katifar ya tanƙwashe ya hau jikin sif. Yarinyar tana kwance, yatsa a baki.

Ya dubi bangon ta waje. Yana nan inda yake, ko tsaga babu. Ya leƙa ciki. Bangon ya shigo.

Gadon ya yi ƙara, ƙiii, ya matsa kaɗan.

Daga cikin bangon ana shara. Shaf. Shaf.

Suka yi ta kiran Beauty, ba ta ko motsa ba. Keziah ta juyo ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Beauty, me ka je ka yi?"

Ya ce ta kira maƙwabta su zo da gatari, ko da yake ya san ƙofar da ya sa ba ta gatari ba ce. Wannan karon gudu ya yi, takalmi ɗaya ya cire a hanya bai tsaya ba. Tsoro ya taɓa ji a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin wanda ya haɗu da kunya ba.

Titin ya cika da mutane, janareto na ruri, masu shayi sun kunna wuta. Amma gaban filin duhu ne, kuma hayaniyar tana isa can ta mutu. Baba Muntari ya naɗe teburinsa, yana tsaye nesa da carbi a hannu. Ya dubi ƙafar Bot, ya dubi fuskarsa.

"Ka yi sallama kafin ka shiga," ya ce.

Bot ya tsaya a bakin filin. Ya ambaci sunan Yesu a zuciyarsa, sannan ya buɗe baki.

"Salamu alaikum, masu gida."

Aka amsa. Ba murya ɗaya ba. Maza, mata, har da yara, duk ƙasa-ƙasa, daga kowane gefe.

Tef ɗin yana nan a miƙe. Gudumar an jingine ta da fegi, an share kewayenta.

Ya kama fegi na farko ya fizge. Katakon ya fito da danshi da ɗumi. Ya rarrafa baya yana laluben tsohon ramin, ya same shi, ya buga.

An kewaye shi. Yana jin numfashi a wuyansa. Gefen tufafi yana gogar kunnensa. Wani yaro ya yi tari.

Fegi na biyu ya ƙi fita. Ya tona da farce har jini. Ya fita.

Ya lalubi tsohon ramin. Babu. An share wurin.

"Auna," in ji tsohuwar.

Ya ɗauki tef. Ya haska lambobin da waya, suna ninkaya a idonsa. Ya ja baya, ya ja, ya dafa ƙasa da yatsa. Ya ɗora fegi.

"Nan ne?" in ji tsohuwar.

Tsinken tsintsiya ya taɓa ƙafarsa marar takalmi. Sanyi ƙalau.

"Nan ne, Inna."

Numfashin duk ya tsaya.

"To," ta ce.

Ya buga sau uku. Aka saki zoben. Tef ya dawo da gudu ya tsarge masa tafin hannu, wani abu ya ture shi a ƙirji, ya tafi da baya ya faɗa ramin lambatu. Baba Muntari ne ya jawo shi waje ta wuyan riga. Wayarsa tana ta ƙara a cikin ƙasa. Keziah ce, tana kuka: ƙofa ta buɗe da kanta, Beauty ta farka tana neman ruwa.

Washegari da sassafe shi da Tasi'u suka daidaita fegin ɓangaren Keziah da faɗin titi. Tasi'u ya ga hannun a ɗaure, ya ga ramukan, ya ci gaba da jan igiya. Katafila ta zo ranar Asabar.

An gama titi kafin damina. Ya yi kyau, ba ƙarya. Fitilu suna kamawa da kansu da magariba, motoci suna tsayawa, masu shaguna sun daina hamma da rana. Fitilar gaban filin ce kawai ba ta taɓa kamawa ba, an canja ta sau biyu aka haƙura.

Shagon Keziah ƙafa biyu da rabi aka yanke masa, ba uku ba. Da aka juya firiza a kaikaice ta shige daram, ko yatsa ba ya ratsa tsakaninta da bango. Inci shida ne suka cece ta. Bot ya rantse duhu ne da rawar hannu suka sa ya bar fegi na biyu inci shida cikin filin. Ni dai ban ce ba haka ba ne.

A uwar ɗaki kuwa, tsakanin gado da sif tayil biyu da rabi ne har yau. Rabin ya shige ƙarƙashin bango. Keziah ta ƙirga sau ɗaya, ta je shago ta dubi firizarta, ta dawo ta ɗauke katifar Beauty ta kai falo. Ba ta ƙara tambayarsa komai ba, shi ma bai ƙara iya haɗa ido da ita a ɗakin nan ba.

Ya bar aikin awo, ya koma ɗora bulo a ƙarƙashin wasu. Mutane suna cewa hannun ne bai warke ba. Tasi'u ne kaɗai ya san dalili, don a gabansa abin ya faru, da rana tsaka, a wani gini a Mainika. Bot ya zaro tef, ya miƙa wa Tasi'u zoben. Kafin Tasi'u ya kai hannu, an riga an karɓa.